Jinyar Mai Jego Bayan Fiɗa: Kula da Uwa da Jariri a Damagaram

Matar da aka ciro wa jariri ta hanyar fiɗa takan farfaɗo da hidima biyu a gabanta. Tana da miki a mara wanda ya ratsa fata da naman ciki har zuwa mahaifa, ga kuma jariri da ke buƙatar nono tun sa'ar farko. Aikin likitan tiyata yakan ƙare cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, amma warkewa takan ci mako shida ko fiye, kuma mafi yawan wannan lokaci a hannun ma'aikatan jinya da ungozomomin asibiti da dangi masu zaman jinya yake. Kula da mikin uwa da tsayar da shayarwa aiki ɗaya ne. Uwar da ciwo ya hana ta juyawa ba za ta iya sa ɗanta a nono ba, jaririn da bai kama nono ba kuma yakan bar uwarsa da kumburin ƙirji da zazzaɓi a kan ciwon da take fama da shi.

Inda ake wannan aiki

A jihar Damagaram, kamar sauran jihohin Nijar, kiwon lafiya hawa-hawa ne. Akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sai cibiyoyin CSI inda ake awon ciki da karɓar haihuwa, sai asibitocin gundumomi irin na Magarya da Matamaye da Mirya da Tanut da Gure, waɗanda wasunsu ke da ɗakin tiyata. Abin da ya gagari waɗannan ana tura shi birnin Zinder, hedikwatar jihar, inda Babban Asibitin Ƙasa yake, da Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro wadda ta gaji aikin tsohuwar babbar matanite, wato asibitin haihuwa, ta birnin. A Zinder ɗin ne kuma makarantar gwamnati ta koyon aikin jinya da ungozomanci take, da sashen koyon likitanci na Jami'ar André Salifou.

A ƙarshen 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan ya buɗe wa mata da yawa ƙofar asibiti, ko da yake jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin yakan sa wasu magunguna su yanke. Nisa ma matsala ce babba. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a wani ƙauye na arewacin Tanut kafin a samu motar da za ta kawo ta takan iso a galabaice, jininta ya yi ƙasa, wani lokaci ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga mahaifa. Irin wannan mace jinyarta ta fi ta wadda aka shirya wa fiɗa tun daga awon ciki wuya da tsawo.

Sa'o'in farko bayan fitowa daga ɗakin tiyata

Zubar jini shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a duniya, kuma ya fi aukuwa a sa'o'in farko. Saboda haka ma'aikaciyar jinya ba ta nisa da gadon. Takan auna bugun jini da bugun zuciya da numfashi a kai a kai, kamar kowane minti 15 da farko, sannan a riƙa ƙara tazara. Takan ɗora tafin hannu a kan mara ta ji ko mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, domin mahaifar da ta saki ita ke zubar da jini. Takan duba ƙunzugu da bandejin miki, ta duba yawan fitsarin da ya taru a leda da launinsa, ta tabbatar ƙarin ruwa yana tafiya. Fitsari kaɗan ko mai jini alama ce da ake gaggauta sanar da likita. Matar da ta zo da hawan jini ko jijjiga ana ci gaba da sa mata ido na musamman, don jijjiga tana iya tasowa ko bayan an haihu.

Yawancin fiɗar haihuwa da allurar baya ake yin ta, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa ta bar mace a farke. Ƙafafu sukan dawo da motsi bayan 'yan sa'o'i. Wasu matan kan samu ciwon kai mai tsananta idan sun tashi zaune, ya lafa idan sun kwanta, kuma wannan abu ne da ya kamata a faɗa wa ma'aikata. Maganin ciwo ana bayar da shi a kan lokaci, ba a jira sai mace ta kai ga kuka. Kunya da dauriya halaye ne da ake yabon mai haihuwa da su a ƙasar Hausa, musamman 'yar fari, shi ya sa gogaggiyar ma'aikaciya takan karanci fuska da yanayin numfashi, ba ta tsaya ga "da sauƙi" da mai jego za ta ce ba.

Dakashi da kamun nono

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a shayar da shi nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan ta yi daidai da cikar shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233. Fiɗa ba ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan uwa tana farke kuma jariri lafiya lau, ana goge shi a kwantar da shi tsirara a ƙirjinta, a lulluɓe su da zane, wani ya tsaya kusa yana tallafe da shi. Tsotson jariri yana sa jikin uwa ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke matse mahaifa ya rage zubar jini, ke nan shayarwar farko magani ce ga uwar kanta.

Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, ba shi da yawa, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a kowane sha ba. Cike yake da sinadaran kariya daga cuta, yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko. A gidaje da yawa an saba matse shi a zubar, a ba jariri ruwan sukari ko madarar akuya ko bauri kafin nono ya kawo. Wannan yana shigar da ƙwayoyin cuta cikin hanjin da bai yi ƙwari ba, yana kuma rage wa jariri yunwar da za ta sa ya tsotsa. Bayan fiɗa nono yakan ɗan yi jinkirin kawowa, wani lokaci sai kwana na uku ko na huɗu, kuma babu abin da ke jawo shi kamar yawan tsotso, sau 8 zuwa 12 a dare da rana.

Abin da ya fi hana mai fiɗa shayarwa shi ne tsoron kada jariri ya danne mata ɗinki. Akwai riƙo biyu da ke kauce wa hakan. Na farko, ta kwanta ta gefe da matashi a bayanta, a kwantar da jariri yana fuskantarta, cikinsa manne da nata. Na biyu, ta zauna a jingine, a sa jikin jaririn a ƙarƙashin hammatarta a kan matashi, ƙafafunsa na kallon bayanta, tana tallafe da ƙeyarsa da tafin hannu. Ungozoma takan tsaya ta ga kamun da idonta: bakin jariri a wangame, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta sama da bakinsa fiye da ta ƙasa. Idan ya kama haka, za a ga yana ja a hankali yana haɗiya, uwa kuma ba ta jin zafi. Idan kan nonon kaɗai ya kama, shi ne ake samun tsagewa da jini, nono ya cika ya ƙi fita.

Jaririn da aka haifa bakwaini ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba ana ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata tsawon yini, tsarin da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970. Kafin uwa ta samu ƙarfi, kaka ko goggo ko uban yaron suna iya karɓarta. Wanda bai iya tsotso ba ana tatsar masa nono a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Babban abin da ke karya shayarwar nono zalla ruwa ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, da wuya a shawo kan kaka cewa jariri ba ya jin ƙishi. Amma kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma jaririn da ke jiƙa zanensa da fitsari sau 6 ko fiye a yini ruwan jikinsa ya wadata. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa, shi kuma a ƙara masa nono.

Tashi daga gado, abinci da miki

Da can ana barin wanda aka yi wa tiyata a kwance kwanaki ba ci ba sha. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a huhu, hanji ya yi nauyin farkawa. Tun tana kwance ake sa mai jego ta riƙa motsa yatsun ƙafa da idon sawu, ta ja dogon numfashi, idan tari ya zo ta dafe mikin da matashi. Cikin yini na farko ake tayar da ita. Ma'aikaciya takan ce, "Sannu, baiwar Allah, juyo ta nan wajena." Sai ta lanƙwasa gwiwoyi ta mirgina ta gefe, ta sauko da ƙafafu daga gado, ta dogara da gwiwar hannu ta tashi zaune ba tare da ta yunƙura da ciki ba. Ana barinta ta zauna har jiri ya wuce, sannan ta miƙe a riƙe da ita ta yi 'yan taku. Tashin farko yana da zafi, na biyu ya fi shi sauƙi.

Idan aikin bai zo da matsala ba, ana fara ba ta ruwa bayan 'yan sa'o'i, sai kunu marar kauri, sai abinci mai sauƙi. Robar fitsari akan cire ta cikin yini guda, sai dai ga wadda ta yi doguwar naƙuda, ita ana barin mata ita kwanaki da dama don mafitsarar da ta sha matsa ta huta. Miki kuwa tsabta da bushewa yake so. Duk mai taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu, abin da ke buƙatar tanadi a Zinder, garin da ƙarancin ruwa tsohuwar matsala ce. Ba a shafa masa toka ko man kaɗanya ko garin magani. Ja da kumburi, zafi mai ƙaruwa, ruwa ko mugunya, da zazzaɓi alamun shigar cuta ne. Zaren da ba ya narkewa akan cire shi bayan mako guda ko kwana 10.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi duk wanda aka buɗe wa ciki, namiji ko mace, ko aikin gwaiwa ne ko na hujewar hanji da zazzaɓin taifot ke jawowa, wanda likitocin tiyata na Zinder ke yawan gani. Idan mai shayarwa ce za a yi wa irin wannan aiki, babu dalilin yaye ɗanta. Takan shayar da shi dab da shiga ɗakin tiyata, ta ci gaba da zarar ta farka sosai har tana iya riƙe shi. Farasitamol da ibufurofen da yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa bayan tiyata ba sa hana shayarwa. Tiramadol da kodin kuwa suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana, don haka sayen maganin ciwo a hannun masu talla haɗari ne ga rai biyu. Ko nono ya kumbura ya yi ja, ci gaba da shayarwa ko tatsa yana cikin maganinsa.

Jego a gida

Al'adar jego tana da alheri mai yawa ga mai fiɗa. Kwana 40 na hutu, komawar 'yar fari gidan iyayenta, samun tsohuwa mai tsaya mata, da ciyar da ita nama da romo, duk abubuwa ne da likita zai so. Mako shidan da ake hana mai fiɗa ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi kusan daidai yake da arba'in. A wannan lokaci ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar tulu ko itace. Amma hutu ba kwanciya ba ce: zagaya tsakar gida kullum, ana ƙara nisa a hankali, yana dawo da ƙarfi.

Inda ake buƙatar gyara shi ne wankan jego da kunun kanwa. Fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a jiki safe da yamma, da gasa ciki da danna shi, suna iya ƙona fatar da ke gefen ɗinki, wadda sau da yawa ba ta dawo da ji sosai ba, su jiƙa mikin ko su buɗe shi. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, a tsane wurin da tsumma mai tsabta. Kanwa kuma gishiri ce mai tara ruwa a jiki da tayar da hawan jini. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Bincike na baya ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma mai hawan jini ko kumburin ƙafa ba ta da abin da za ta nema a wurin kanwa. Kunun gero ko na gyaɗa ba tare da ita ba yana ciyar da mai jego daidai gwargwado.

Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a yini, mai miki kuma tana buƙatar abin gina tsoka. Wake, gyaɗa, ƙwai, hanta, kifi, zogale, fura da nono mai tsabta, da tukuɗin da aka san Damagaram da shi, duk suna cikin abin da ya dace. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti ana ci gaba da shan su makonni bayan haihuwa.

Masu yoyon fitsari

Akwai matan da suka iso asibiti a makare har kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu. Naman wurin yakan mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar huji, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yankan gishiri ma yana jawo haka. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, sai mace ta haɗa rashin ɗa da nono mai cika ba mai sha. Ana taimaka mata da ɗaure ƙirji ba da matsi ba, da tsumma mai sanyi, da maganin ciwo, har nonon ya ƙafe da kansa. Idan an gano yoyon da wuri, sa robar fitsari na wasu makonni yakan rufe ƙaramin huji ba tare da tiyata ba, hanyar da Dakta Kees Waaldijk ya yaɗa daga asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Zinder tana cikin wuraren da aka daɗe ana ɗinkin yoyon fitsari a Nijar, tare da cibiyar ƙasa da ke Yamai da asibitin Danja kusa da Maraɗi wanda aka buɗe a 2012. Babbar matanite ta Zinder, ta hannun Dakta Lucien Djangnikpo, tana cikin asibitoci na ƙasashen Afirka 8 da suka shiga wani bincike kan mata fiye da 500, wanda mujallar Lancet ta buga a 2015. Binciken ya nuna cewa ga yoyo marar sarƙaƙiya, barin robar fitsari kwana 7 bayan ɗinki bai gaza barinta kwana 14 ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10. Amfanin wannan a bayyane yake: mace ta koma gida da wuri, gado ya samu ga wata.

Nasarar ɗinkin tana rataye ne a kan jinya. Robar ba za ta toshe ko ta lanƙwashe ba ko na sa'a guda, don mafitsara idan ta cika takan yage ɗinki. Ana sa mace ta sha ruwa mai yawa har fitsarinta ya fita fari, ma'aikata na duba gudunsa dare da rana. Bayan cire roba ana koya mata zuwa fitsari a kan lokaci da atisayen matse tsokokin ƙasan mara. Wadda naƙuda ta taɓa wa jijiya har ƙafarta ke jan ƙasa tana buƙatar gashi da motsa ƙafar kullum na tsawon watanni. Ana hana saduwa aƙalla wata 3, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, galibi ta fiɗa. Da yake da yawansu sun rasa aure da sana'a saboda larurar, koya musu ɗinki ko saƙa ko haɗa sabulu, da shiga tsakani don su koma cikin danginsu, suna cikin maganin.

Rawar maigida da komawa asibiti

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jego ba ita ke yanke shawarar sayen abinci ko hayar mota ko hutu daga aikin gida ba, shi ya sa bayanin sallama ya kamata a yi shi a gaban miji da uwar miji ko uwar matar. A jihar Damagaram ne aka fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu su kuma ja hankalin 'yan uwansu maza, tsarin da daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Tazarar haihuwa na cikin abin da ke hannun miji. Mahaifar da aka ɗinka tana buƙatar lokaci kafin ta sake ɗaukar ciki, kuma shawarar masana ita ce a bari shekara 2 ta cika. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan nono zalla ake bayarwa dare da rana, jariri bai kai wata 6 ba, kuma al'ada ba ta dawo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba uwa da jariri sau 4 bayan haihuwa: cikin yini na farko, a kwana na 3, tsakanin kwana 7 da 14, da kuma mako na 6. Akwai kuma alamun da ba a jiran ranar awo: jini mai zuba da yawa ko mai wari, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, haki ko kasa kwanciya saboda numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, buɗewar miki, zubar fitsari ba da sani ba, da baƙin ciki mai hana uwa kula da kanta ko ɗanta. Ga jariri kuwa, ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, saurin numfashi, jijjiga, da ɗorawar ido da tafin hannu. Duk gidan da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai uwa da ɗanta asibiti mafi kusa a ranar, ko da tsakar dare ne, ko da ana tsakiyar hidimar suna.